Tauraron da Ya Ƙifta a Gonar Malam Sharifu

Akwatin ya kusa fin mai shi nauyi. Abin da Lurwanu ya fara gani ke nan ranar da ya tsaya da moto a tashar Gazawa, wata budurwa na ta kiciniya da shi.

"Ɗan kabu-kabu, a hankali don Allah. Ido ne a ciki."

"Idon wa, Malama?"

Ta yi dariya. Rufaida ce, ɗalibar jami'a, ɗiyar Malam Sharifu mai gano wa ƙauyensu jinjirin wata. A hanya ta faɗa masa cewa can nesa, bayan duniyoyin da ke kewaya rana, akwai wani dutsen ƙanƙara. Malamansu sun lissafta zai gitta gaban wani tauraro ranar Alhamis bayan isha'i, tauraron ya ɓace na ɗan lokaci. An jera madubin hangen nesa tun daga Gidan Rumji, kowa ya auna daɗewar ɓacewar, a haɗa a san girman dutsen. Nata madubin, wanda ke cikin akwatin, a gonar babanta zai zauna.

Lurwanu bai yi nisa a lakol, wato makarantar boko, ba, amma ya gane. Ya kuma gane cewa zuciyarsa ta sauka tare da akwatin.

Kullum shi ke kai ta gwaji. Sai dai lokacin sharar gona ne, da magariba manoma ke cinna wa kara wuta, hayaƙi ya turnuƙe sama.

Ta rubuto masa a waya: "Direbana, yau ma ban ga komai ba. In haka ta faru ran Alhamis, layinmu zai yi giɓi, kuma ni ce giɓin."

Ya mayar: "Malamar sama, bar ni da hayaƙin."

Ashe Chindo mai shagon cajin waya, wanda ya daɗe yana son ta, ya je ya ce wa Malam duba Rufaida da Lurwanu suke yi da taurari. Da kawun Lurwanu ya je nema masa izinin auren Rufaida, Malam ya ce:

"Mai cewa ya san ranar da tauraro zai ɓace, in ba boka ba ne, maƙaryaci ne. Ita aikin lakol aka ɗora mata. Shi fa, me ya kai shi ciki? Ba ni ba shi ɗiyata. Kuma ran Alhamis zan ƙona gonata."

Lurwanu ya ji saƙon daga bakin kawunsa. Ya jingine moto, ya bi gonaki ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya yarda ya fasa wuta, shi ke kwashe masa karan, ya ɗaure dami-dami na darni.

Da ta ji shi shiru, ta rubuto: "Ka ji maganar Baba ka gudu ke nan?"

"Ina zan gudu, ranki ya daɗe? Hannu ne ya yi kanta, ba ya son waya."

Ran Alhamis bayan sallah Malam ya iso gona da ashana, ya tarar babu abin ƙonawa, Lurwanu ya riga ya kwashe karan. Gona fes, damman kara jere a kan iyaka, sama garau. Lurwanu ya durƙusa.

"Baba, ni ban da ilimi. Amma in za ka nemi wata, ai ka san ranar, ka san kusurwar da za ka duba. Duba kake yi?"

"Kai, yaro! Lissafi ne."

"To ita ma shi ne, Baba. Zo ka gani da idonka."

Malam ya matsa kusa. A fuskar na'urar da ke haɗe da madubin wani ɗigon haske ke tsaye. Rufaida ta ƙura masa ido. Ɗigon na nan. Yana nan.

Sai ya ɓace, ɗif.

Kafin Malam ya gama salati, ga shi ya dawo.

"Allahu akbar! Ya ƙifta!"

"Mun kama shi, Baba, mun kama shi!" Rufaida na dariya, hawaye na zuba.

Malam ya daɗe yana kallon sama. Sannan ya kamo hannun Lurwanu, ya juya tafin, ya shafa kantar da yatsa.

"Ka ce wa kawunka ya dawo. Ya zo da goro."

Bayan girbi aka ɗaura aure, har malaman jami'a suka zo, Chindo ma ya ci tuwo. Da karan nan aka yi darnin gidan amarya. Malam ya ɗaga hannu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, masu ɗaga kai su dubi sama. Jama'a suka ce amin.