Ƙwayar Da Ta Maƙale

Ana gab da magariba Maigandi ya shiga ɗakin kwamfuta na jami'a, rungume da kwalin katunansa masu huji, waɗanda ake ba kwamfuta umarni da su. Zamanin soja ne, kuɗin man fetur ya sayo injin da ya cika ɗaki guda, amma awa ɗaya tak ake ba kowane malami a mako. Shi aikinsa lissafi ne: yadda ƙwaya mai siririyar fata, irin ta jini, ke mirginawa tana lanƙwashewa idan ruwa ya tura ta cikin matsattsiyar hanya. Girma da taurin ƙwayar kuwa daga jinin ƙanwarsa Atika, mai ciwon sikila, ya auno su.

Kwana arba'in ke nan da rasuwarta. Ranar da ta rasu, maƙwabcinsu Siddiƙu ya zo a babur daga unguwarsu Ƙofar Taramniya, ya ce ciwon ya tashi, a zo da mota a kai ta asibiti. Maigandi ya ce a jira awarsa ta cika. Daga baya malamin namu, da duk iliminsa, ya dubi idon Inna, mahaifiyarsa, ya ce saƙo bai iske shi ba. Siddiƙu ya rufa masa asiri, amma ƙaryar ta hana shi sakat.

Ya zuba katunan a injin. Injin bugawa ya fara kakat-kakat, yana zana siffar ƙwayar da alamomin tauraro, shafi bayan shafi. Ta mirgina. Ta miƙe. Ta shiga matsatsin. A lissafinsa, a shafi na tara za ta fita.

Ba ta fita ba. Ta lanƙwashe kamar lauje, ta maƙale.

Sai aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, fitilun injin suka mutu.

Bugawa ba ta tsaya ba.

Kakat-kakat. Takarda na zubowa a kan ƙafarsa, da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Warin man zafi ya cika ɗakin, irin wanda Inna ke shafa wa Atika a gwiwa.

Wani numfashi, sama-sama, a bayan kunnensa.

"Yaya... ka ƙare?"

Ya nemi Ayatul Kursiyyu, harshe ya ƙi juyawa. Wani abu mai sanyi ya riƙo bakin rigarsa, a hankali, cikin ladabi.

Ya fizge, rigar ta yage, ya ci karo da ƙofa ya faɗa waje.

Bai tsaya ko'ina ba sai gida. Inna na kan tabarma da carbi. Ya durƙusa yana kuka, ya ce saƙo ya iske shi, shi ne ya ƙi tasowa.

Ta ajiye carbin.

"Na sani, Maigandi. Na so in sake aike, Atika ita tah hana. Tac ce a bar Yaya shi ƙare aikinai, don irinta shika yi."

Bai sake taka ɗakin nan ba. Malamin da aka ba awarsa, mako biyu ya yi ya nemi a sauya masa lokaci.