Layar da Ba a Buɗewa

Ranar Alhamis ce, da hantsi, sama ta yi baƙi ƙirin a kan Jidda, sannan ruwa ya sauko. Kafin azahar lungunan unguwar Nuzla sun zama kogi. A ƙasan wani tsohon gida mai hawa biyu, Hikima na tsaye cikin ruwa har gwiwa tana kwarfe da bokiti, ko karyawa ba ta yi ba. Gwaggonta Rabi'atu, yayar mahaifinta, na saman matakala ƙafa a bushe.

"Yalla, baiwa, kafin ya ci min kafet. Kakarki da ƙafa ɗaya take wannan aikin, ba ta taɓa tsayawa tana haki ba."

Shekara goma sha uku ke nan Hikima na amsa wannan sunan, tun da iyayenta suka rasu wata guda tsakani. Aka cire ta daga makaranta, aka bar iƙamarta, takardar izinin zamanta a ƙasar, ta mutu, ɗakin mahaifinta Jabiru ya koma ma'ajiyar kayan Gwaggo, ita kuma aka shimfiɗa mata tabarma a ƙarƙashin matakala. Laifinta ɗaya ne... mahaifinta ya auri 'yar Zubaidatu, tsohuwar da kakan gidan, Alhaji Husaini, ya taho da ita a ƙasa tun daga ƙasar Hausa zamanin Turawa, tana 'yar ƙarama. Kowa a unguwa ya san ta da baiwar gidan. Ƙafarta ta hagu ta lalace a hanya, jan ta take yi. Ko da aka hana bauta a ƙasar nan ba ta tafi ba, ba ta san inda za ta ba. Abin da ta bar wa jikarta shi ne wata baƙar laya ta fata. "Ta tsari ce," ta ce mata tana gab da cikawa. "Wata mata ce ta ɗinka min a gidan alkali. Kada ki bari a buɗe, 'yar nan, laya in an buɗe ta mutu."

Da ruwa ya janye, Hikima ta goge matakala ta bushe. Sai ga sawu a kai, da rana tsaka. Sawun ƙafar dama ne, jiƙaƙƙe, a kowane tsani, gefensa kuma dogon layi na abin da aka ja. Ya hau har ƙofar ɗakin Gwaggo, ya tsaya. Hikima ta goge. Da la'asar ya dawo. Babu wanda ya shigo, ƙofar gida a kulle take, sai dai ƙanshin man zaitun da cittar da Kaka ke shafa wa ƙafarta ya cika gidan.

Gwaggo ta fito ta gani, ta dubi Hikima, ta hangi igiya a wuyanta inda jiƙaƙƙen mayafi ya zame. Ta fizge layar har fatar wuyan ta tsage.

"Sihiri a gidana? Halas. Gobe 'yan sanda za su gan ki da wannan. In sun bar ki da rai, sai tarhil, a kore ki daga ƙasar."

"Gwaggo, ki ji tsoron Allah," in ji Hikima, hawaye na zuba. "Ina za a kai ni? A nan aka haife ni, ban san kowa a can ba..."

"Can aka sayo ku, can za ki koma."

Hikima ta koma ƙarƙashin matakala ta ɗaga hannuwa. "Ya Allah, Kai ne gatan maraya. Ka san ban san sihiri ba, ban san komai ba sai wanki da shara. Ka bayyana gaskiyata."

Gwaggo na son unguwa ta shaida kafin ta kira hukuma, don haka bayan sallar Juma'a ta gayyato limamin unguwa, Malam Abdulmajid, tsoho ɗan shekara tamanin, da maƙwabta maza da mata. Sawun na nan a matakala, bai bushe ba. Mutane suka riƙa raɓewa da bango.

"Malam, don Allah kada a buɗe," in ji Hikima. "Kakata ta hana."

"Yi haƙuri, 'yata. In 'yan sanda suka buɗe da kansu, ba za su iya karanta irin rubutunmu na da ba, za su ce hatimi ne. Gara ni."

Ya sa reza ya farke ɗinkin. Wata jar takarda ta fito, ninki a kan ninki. Ya gyara tabarau ya karanta, leɓɓansa na motsi, ya sake karantawa. Sai hawaye suka gangaro kan gemunsa.

"Wannan ba laya ba ce. Hukuncin alkali ne, shekarar dubu da ɗari uku da arba'in da shida." Ya share ido. "An kawo yarinya Zubaidatu gaban shari'a tare da wani Husaini da ya ce tasa ce. Shaidu biyu suka rantse ɗiya ce ba baiwa ba, 'yar Musulmi, sato ta aka yi a bakin rijiya. Alkali ya rubuta cewa ko Nasara bai hana cinikin bayi ba, Allah ya riga ya haramta sayar da ita. Ya umarci Husaini ya mai da ita hannun iyayenta a garin..." Ya kai takardar kusa da ido. "Gumi ya cinye sunan garin."

Wata tsohuwa ta ce a hankali, "Bai mai da ita ba ke nan. Hajji ya taho da ita."

"Tana ɗauke da 'yancinta a wuya," in ji Malam, "tana yi muku wanki. Rabi'atu, ba ku taɓa mallakar baiwa ba. Kakanku yarinya ya sace."

Hikima ta durƙusa ta rungume fatar layar. "Wayyo Kaka... da kin iya karatu..."

"Ƙarya ne!" Gwaggo ta zabura ta nufi sama don ɗauko waya. A tsani na bakwai ta taka sawun nan. Mutanen da ke wurin sun rantse ba santsi ba ne, sun ce ƙafarta ta hagu ce ta tsaya cak kamar an riƙe. Ta gangaro har ƙasa. Likitoci sun ɗora ƙashin, amma ƙafar ba ta sake ɗaukarta ba, har yau jan ta take yi, kuma matan unguwa sun daina amsa sallamarta.

A makon nan dattawa suka fitar da kayan Gwaggo daga ɗakin Jabiru suka danƙa wa Hikima makulli, Malam Abdulmajid da kansa ya shiga gaba wajen gyara takardunta. Ranar da ta kwana a ɗakin, sawun ya bushe, bai sake fitowa ba. Takan kai wa Gwaggo abinci sau biyu a rana, ta ajiye ta fito.

Abin da aka rasa shi ne wannan: shekara saba'in da takwas na Zubaidatu, shekara goma sha uku na Hikima, ƙafa ɗaya ta Rabi'atu, da sunan gari guda, inda wata uwa ta aiki 'yarta rijiya.