Laifin Fitila Ko Na Kyamara

Ranar da aka fara nuna fim na farko da Auta ta ɗauka da kyamararta, ta zauna a layin baya na silima ita da yayarta, ta ƙanƙame jaka a cinya. Da farko komai lafiya. Sai aka zo wurin da jarumar ta shiga ɗakin mahaifiyarta marar lafiya, allon ya koma kamar an shafe shi da toka. Ana jin kuka, ba a ganin mai yin sa.

"Wai wuta aka ɗauke ne?" in ji wani daga gaba. Aka kwashe da dariya.

Yayarta ta matso kusa da kunnenta. "Auta, wace ce ke kukan? Uwar ko 'yar?"

Ta tashi ta fita, ta tura wata ƙofa da aka hana baƙi shiga, ta haura matakala har ɗakin da ake hasko fim.

Ɗakin ƙarami ne, babu taga sai ɗan gilashin da haske ke ratsawa ya faɗa kan allo. Na'urar majigi tana ta huci kamar injin niƙa. Wani saurayi na zaune a kan kujera marar baya, ya kwance fankar tebur yana goge ta.

"Malam, ƙara haske," ta ce.

Ya ɗago ya dube ta, ya dubi ƙofar da ta bari a buɗe. "Sannu da zuwa. Wa ya bar ki kika hawo?"

"Ni na ɗauki fim ɗin nan. A kwamfutata har hawayen yarinyar ana gani. A nan ko hancinta ba a gani."

"Abin da aka kawo mini shi nake haskawa. In an kawo magariba, magariba zan nuna."

"Au, ni ce na ɗauki magariba?"

"Ban ce ke ba ce. Na ce an kawo."

Ta tsaya tana kallonsa, ranta a ɓace. Shi kuma ya lura da haka, sai ya ajiye fankar. Ya ce ta ba shi lambarta, in an samu safiyar da babu kowa zai kira ta su duba tare. Ta karanta masa lambar da sauri, kamar mai fatan ya yi kuskure. Bai yi ba.

Saƙonsa ya shigo a ƙarshen makon: "Malama Magariba, gobe da safe manaja ba ya nan. Ki zo da idonki."

Ta mayar: "Sunana ba Magariba ba ne, Malam Majigi."

Sunayen nan biyu suka zauna musu daga ranar.

Da safen suka zauna su biyu a tsakiyar kujerun da babu kowa, mai shara na can gefe yana aikinsa. Kafin ya kunna, ya gaya mata abin da bai faɗa ba ranar farko. Manaja ya ba da umarni a riƙa rage ƙarfin fitilar majigin don kada ta mutu da wuri, kuma fitilar ta riga ta tsufa. Allon ma an daɗe ba a wanke shi ba.

Ya hau sama ya sakar wa fitilar ƙarfinta duka. Fuskar jarumar ta fito, hawayen ya fito, har zanen labulen ɗakin ya fito. Magariba ta juya ta ɗaga wa ɗan gilashin nan hannu alamar nasara.

Amma da aka zo wurin da ake faɗa a bayan gida, allon ya sake yin baƙi. Nan fitila ba ta da laifi. Ta san haka tun kafin ya sauko.

"Wannan fa?" ya ce.

"Darakta ne ya ce yana so a ji tsoro. Ni kuma na biye masa, har na ƙara." Ta nuna allon. "A ɗakin tace hoto muna zaune cikin duhu, ga allo mai tsada. Mun manta mutane ba a can za su kalla ba."

"To, mun raba laifin ke nan."

"Naka ya fi yawa."

"Na yarda. Amma naki ya fi tsada."

Ta yi dariya, ita ce dariyarta ta farko a gabansa.

Daga nan suka saba. Takan biyo ta silimar in ta taso daga aiki, ta zauna a kan akwatin kayan gyara suna hira, na'ura na huci a tsakaninsu. Ya koya mata gane tsohuwar fitila daga launin farin da ke kan allo. Ita ta koya masa yadda ake haska fuskar baƙin mutum ba tare da ta yi ƙyalli ba. Wata rana ya rubuto:

"Yau an haska fim sau uku ban san me aka yi a ciki ba. Ƙofa nake ta kallo."

Ta amsa: "Ka kula da aikinka, Majigina. Ina hanya."

Ya daɗe yana duban harafin nan biyu da ta ƙara a ƙarshen sunan.

Mahaifinta likitan ido ne, yana da shagon tabarau a bakin babban titi. Mutum ne mai son komai a fili. Da Umma ta kai masa maganar Majigi na son aurenta, ya ajiye cokali ya sa aka kira Auta.

"Me yake yi?"

"Shi ke hasko fim a silima, Abba."

"Wato yana zaune a ɗaki marar taga yana danna maɓalli."

"Ba haka ba ne kawai."

"Na bar ki kin ɗauki kyamara don na ga kina so. Ba zan ƙara da wannan ba. Ga daraktanku nan ya aiko yayansa har shago, mutum mai ofis da ake iya zuwa a same shi. Ki yi tunani."

Daraktan ya daɗe yana son ta, ta sani. Yakan kira ta "idona" a gaban ma'aikata, ita kuma takan yi kamar ba ta ji ba. Ta ce wa Abba za ta yi tunani. Umma ta bi ta da kallo har ta shige ɗaki.

Ana cikin haka surutu ya yi yawa a kan fim ɗin. Mutane na ta rubutawa a waya cewa sun biya kuɗi sun kalli duhu. Wata 'yar jarida ta zagaya silimomi tana tambaya, ta zo har ɗakin Majigi. Ya gaya mata komai, na fitila da na masu kyamara. Da ta tashi tafiya sai tsoro ya kama shi, ya roƙe ta kada ta rubuta zancen fitilar, don manaja zai gane daga ina ya fito. Ta cika masa alkawari. Ta rubuta ɗaya rabin kawai.

Darakta ne ya turo wa Magariba rubutun, ya ja layi a ƙarƙashin inda aka ce: wani mai hasko fim ya tabbatar da cewa masu kyamara na yanzu suna ɗaukar hoton da ba a iya gani. Ya ƙara da nasa: "Ga mutumin naki."

A makon nan kamfanin da zai ba ta aiki na gaba ya janye. Ta ji daga bakin wata mai kwalliyar 'yan wasa cewa da aka tambayi darakta, cewa ya yi duhun nan ra'ayinta ne ita kaɗai. Duk da haka ya kira ta ya ce kada ta damu, in sun yi aure ba ta buƙatar aikin kowa. Ta ce masa ta gode, ta kashe wayar, ba ta sake ɗaukar kiransa ba.

Majigi ta tura wa saƙo ɗaya: "Kai ne ka faɗa?"

"Ni ne. Amma ba shi kaɗai na faɗa ba. Ki bari in yi miki bayani."

"Sauran ina yake?"

Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge. Daga ƙarshe ya tura: "Ni na ce wa 'yar jaridar ta cire. Na ji tsoron aikina."

"To ka riƙe aikinka. Nawa ya tafi."

Bayan wannan ba ta sake amsawa ba. Ya je ƙofar gidansu, yayarta ta fito ta ce Auta ba ta jin daɗi. Ya koma silima ya ci gaba da rage fitila kamar yadda aka umarce shi. Ta ɗan gilashin nan yana hango mutane suna matso da kai gaba, suna tsuke ido. Wata tsohuwa ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar, ta sake cirewa. Ya daɗe yana kallonta.

Washegari ya kira 'yar jaridar ya ce ta dawo, ta rubuta sauran, ta sa sunansa. Ya nuna mata fitilar, ya nuna mata allon, ya bar ta ta ɗauki hoto. Rubutun ya fito da safe, kafin azahar manaja ya karɓi makullin ɗakin daga hannunsa. Bai yi gardama ba. Ya ɗauki fankarsa ya sauko.

Bai tura wa Magariba komai ba. Yayarta ce ta shigo ɗaki ta miƙa mata waya. "Karanta. Wawan naki ya kori kansa daga aiki."

Ta karanta har ƙarshe, ta ajiye wayar. Sai da yamma ta rubuta masa: "Ka ci abinci?"

"A'a."

"Ka ci. Har yanzu ina fushi da kai."

"Na sani, Magaribata."

"Gobe ka zo ka ji sauran faɗan."

Ya zo, ya ji faɗan a tsaye a bakin ƙofa, bai katse ta ba ko sau ɗaya. Da ta gama ta shiga ta kawo masa ruwa.

Ya daɗe babu aiki. Daga baya wani kamfani mai kafa allo da majigi a makarantu da ɗakunan taro ya ɗauke shi. Ita ma aiki ya dawo mata a hankali, ƙanana tukuna. Abba kuwa bai ce komai ba, har ranar da ya aika a ce wa yaron ya same shi a shago.

Majigi ya je da rigarsa mafi kyau, ya durƙusa ya gaishe shi. Abba ya nuna masa kujerar gwajin ido.

"Zauna. Rufe na hagu. Karanta layin ƙasa."

Ya karanta. Aka koma na dama, ya karanta.

"Idonka lafiya lau," in ji Abba. "Ashe kana gani kake bari mutane su zauna a duhu."

"Haka ne, Abba. Na yi kuskure."

Abba ya zauna a kan kujerarsa mai juyawa. "Na je na kalli fim ɗin 'yata ban gaya wa kowa ba. Na fito ban ga rabinsa ba. Na ɗauka idona ne ya fara tafiya. Na dawo nan na rufe shago na gwada kaina, ban yarda da sakamakon ba, na je wurin wani abokin aikina. Ko uwarta ban faɗa wa ba. Likitan ido ya makance, wa zai sake kawo masa ido?" Ya dube shi. "Sai na karanta a jarida cewa kai ne."

"Ka yi haƙuri, Abba."

"Ban kira ka don haƙuri ba. Da ka yi shiru, da har yau ina zargin idona, ita kuma ana zargin hannunta. In manajan gobe ya ce ka rage, me za ka yi?"

"Zan ce a'a tun ranar farko."

"Za ka hana ta aiki?"

"Ni da nake jira in haska abin da za ta ɗauka?"

Abba ya yi wani ɗan sauti a maƙoshi wanda Umma kaɗai ta san dariya ce. Ya ce ya turo manyansa.

Aka ɗaura aure wata safiya, aka yi taro a wani ɗan madaidaicin zaure. Tsoffin abokan aikinsa na silima sun zo, har da mai shara, suka kawo labarin cewa an sayi sabbin fitilu. Darakta bai zo ba, babu kuma wanda ya tambaya. Amarya ta kasa haƙuri da mai ɗaukar hoton bikin, tana daga zaune tana nuna masa inda zai tsaya, sai da yayarta ta riƙe mata hannu ta ce, "Yau dai ki huta, don Allah."

Da za a tafi da ita, Umma ta rungume ta ta daɗe tana yi mata magana a kunne. Abba ya tsaya a bakin mota, ya kama hannun ango ya ɗora a kan na 'yarsa.

"Ga ta nan. Tana da faɗa, amma ba ta ƙarya. Kai ma kada ka yi mata. Abin da ya dame ku ku faɗa wa juna dukansa, ba rabi ba. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya sa ku tsufa tare."

Aka amsa da amin daga kowane gefe. Abba ya cire tabaransa ya shiga gogewa, ya ce gumi ne ya taru a gilashin. Babu wanda ya musa masa. Direba ya jira har Abba ya mayar da tabaran a fuska, ya ga 'yarsa da kyau, sannan ya ja motar.