Ƙuri'a Ɗaya a Gindin Mangwaro

Juliana ta shiga shagon ɗab'i na Wilson a Barnawa da littafin bayoloji a hannu. Ta ajiye shi a kan tebur, ta buɗe tsakiya.

"Sannu da aiki. Za ka iya raba min shafukan nan? An manne su da gam."

Wilson ya shafa gefen shafukan da yatsa, sannan ya ɗaga kai. Doguwa ce, ba kwalliya, da ƙurar alli a hannun rigarta. Ya daɗe yana kallon allin fiye da yadda ya kamata.

"Ba za su rabu ba, Malama. Gam mai kyau ne."

"Ta yaya ka sani?"

"Ni na manna."

Juliana ba ta jima da dawowa daga karatu a Indiya ba, ta kama koyarwa a makarantar cocinsu da ke Kamazou. A makon farko ta tarar duk littattafan ajinta babi ɗaya a manne yake, babin juyin halitta, wanda ke cewa halittu sun yi ta sauyawa a hankali cikin miliyoyin shekaru. Umarnin shugaban kwamitin makaranta ne, Baba Benson, dattijon ikilisiya. Shi ya yarda Allah ya yi duniya cikin kwana shida, kwana irin Litinin da Talata, bai kuma ga dalilin da yara za su karanta wani abu dabam a makarantar coci ba.

Ta dubi bayan Wilson. Fostoci ne jere a kan igiya suna bushewa, duka da fuskar Baba Benson, mai neman kujerar majalisar jiha.

"Shi ya sa ka aikin?"

"Babana ne."

Ta ɗauki littafinta. Ya ce ta bar lambarta, ko zai samo dabara. Dukansu sun san babu wata dabara. Ta bar lambar.

Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Farfesa, na gwada tururi, na gwada reza. Gam ɗina ya fi ƙarfina. A ba ni dama in biya da gasasshen kifi."

Ta amsa: "Kifi ba ya fitowa a jarrabawa. Amma ina jin yunwa."

Haka suka fara. Yana ɗaukarta a babur in an tashi makaranta, su tsaya wajen mai kifi, ko su sayi gasasshiyar masara su zauna a bencin ƙofar shago. Yana kiranta Farfesa, tana kiransa Sarkin Gam. Ta ba shi nata littafin da ta zo da shi daga Indiya, yana karantawa in aiki ya yi sauƙi. Kusan kullum hirarsu a wuri ɗaya take ƙarewa.

"Zaɓe fa za a yi, ba jarrabawar bayoloji ba," in ji Wilson. "Ɗan majalisa ba shi zai sake gina duniya ba. Kwalbati zai nemo mana, da taransifoma. Wanda ke kan kujerar, Sunday, in kin ce masa duniya ta shekara biliyan zai ce e, in kin ce jiya aka yi ta zai ce e. Tun da ya ci zaɓe kin taɓa ganinsa a Kamazou?"

"Ni ma Littafin Farawa, mai labarin halitta, nake karantawa ran Lahadi, Wilson. Abin da ke zuciyar Baba nasa ne, ban da ruwa. Abin da ke hannunsa nake tsoro. Yau makaranta ɗaya ce. Gobe in ya zauna a kwamitin ilimi fa? Ɗalibaina za su shiga jarrabawar fita, tambaya ta fito daga shafin da ba su taɓa gani ba."

"To ki aure ni, mu ci gaba da musun nan a gida."

"Haka ake neman aure a Barnawa?"

"Ni dai wannan ne karo na farko. Ki yi haƙuri da ni."

Ta cire masa ƙwayar masara daga gemu. "Je ka faɗa wa Baba."

Kafin ya faɗa, aka yi taron 'yan unguwa a filin makaranta. Da aka ba da damar tambaya, Juliana ta miƙe, ta gaida dattawa, ta ce, "Baba, in ka shiga majalisa, abin da aka yi wa littattafanmu za ka so a yi wa na sauran makarantu?"

Wani daga cikin 'yan kamfen ya raɗa wa Baba Benson magana a kunne, ya ture shi.

"Malama, ana so in kauce wa tambayarki. Ba zan kauce ba. Abin da na yi ban ji kunyarsa ba, kuma ba zan yi miki ƙarya don ƙuri'arki ba. In na samu hali, e."

Lizzy, mai jan waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci, wadda ta daɗe tana kai wa mahaifiyar Wilson miyar Lahadi ba tare da an aike ta ba, ta ɗauki bidiyon tambayar a waya. Kafin gari ya waye ya zagaye gurup ɗin unguwa da rubutu a ƙasa: "Malamar da ta ce kakanmu biri ne."

A wannan makon Wilson ya kai maganar aure gida.

"Yarinyar biri?" in ji Baba Benson.

"Ba ta faɗi haka ba, Baba. Kana wurin."

"Ina wurin. A gaban jama'a ta tsayar da ni. Bari zaɓe ya wuce, mu ga inda ta tsaya."

Kafin zaɓe abubuwa biyu suka faru, kowa ya riƙe nasa bai faɗa wa ɗan'uwansa ba.

Wata safiya aka yi ruwa mai yawa, kwalbatin hanyar makaranta ya toshe, ruwa ya hau titi, yara suka taru a tsallake. Juliana ta iso ta tarar da Baba Benson cikin ruwa har gwiwa, ya naɗe wando, yana zaƙulo leda da robobi da hannu. Ba 'yan kamfen, ba mai ɗaukar hoto. Mai shayin wurin ya ce mata duk damina haka yake yi, tun kafin ya san zai yi takara.

Shi kuma Wilson, babansa ya zo shago karɓar fostoci, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Gam ɗin nan da ka yi aiki da shi, ka binciko min inda ake samunsa a jarka. Makarantun mazaɓar nan suna da yawa." Littafin Juliana na buɗe a ƙarƙashin tebur. Wilson ya ce, "To, Baba."

Rumfar zaɓen layinsu a gindin mangwaron ƙofar gidan Baba Benson take. Ƙaramar rumfa ce, kowa ya san kowa. Nan Wilson ya yi rajista, nan Juliana ta yi, don gidan iyayenta na bayan layin. Da la'asar malamar zaɓe ta juye akwati a kan tebur, tana ɗaga takarda ɗaya-ɗaya, jama'a na ƙirgawa da ƙarfi. Benson. Benson. Benson. Har aka kusa gamawa ba a ji wani suna ba. Sai ta ɗaga wata ta ce, "Sunday."

Ita kaɗai ce. Duk sauran na Baba Benson ne.

Kawuna suka juya wajen Juliana.

"A sayo wa Malama ayaba!" in ji Lizzy, aka kwashe da dariya.

Juliana ta dubi Wilson. Yana kallon takalminsa. Ta gyara jakarta a kafaɗa, ta wuce gida.

Baba Benson ya ci kujerar. Ranar da aka sanar, ya kira ɗansa ya ce, "A ƙofar gidana, a gindin bishiyar da na dasa. Maganar yarinyar nan ta mutu."

Wilson ya tura wa Juliana saƙo: "Farfesa, ki ɗauki wayata mana."

Ta amsa: "Aka yi min dariya kana tsaye kana duba takalmi. Ko tambayata ba ka yi ba."

"Ba sai na tambaye ki ba."

"Wato kai ma ka gama yanke hukunci. Ƙuri'ata tawa ce, ba zan yi wa kowa rantsuwa a kanta ba, ko don aure. Ka gaida Lizzy."

Ya rubuta amsa ya goge, ya sake rubutawa ya goge. Ya san maganar ba ta waya ba ce, kuma ba Juliana ce ya kamata ta fara ji ba.

Ran Lahadi bayan sujada, masu taya murna suka watse, aka bar su uku a falo: Baba Benson, matarsa Mama Jummai, da Wilson. Mama Jummai na zuba abinci. Wilson ya sauko daga kujera ya durƙusa.

"Baba, ƙuri'ar nan tawa ce."

Baba Benson ya ajiye cokali. "Kana so ka rufa mata asiri."

"A'a. Ranar da ka ce in nemo gam a jarka na yanke shawara. Imaninka ban taɓa raina shi ba, a cikinsa ka rene ni. Amma na karanta babin nan, Baba, ban daina zuwa coci ba. Da hannuna na rufe wa yaran makaranta ɗaya. Ba zan iya dangwala a rufe wa na mazaɓa duka ba. Na ji tsoron faɗa, na bari aka zage ta."

"Fostocina kai ka buga."

"Ni na buga. Kuma sun yi kyau."

Ba wanda ya yi dariya. Mama Jummai ta tsaya da ludayi a hannu, tana lissafi a fuska.

"Tsaya. Ɗaya ce tak ta fita. In taka ce, ita yarinyar wa ta zaɓa?"

Baba Benson bai ci abincin ba. Bai kuma yi wa ɗansa magana ba har Lahadin da ta biyo.

Washegarinta, ran Litinin, Baba Benson ya je makaranta. Ya sami Juliana ita kaɗai a aji lokacin tara, tana zana wa ɗalibai a allo abin da ke cikin shafukan da aka manne. Ta ajiye alli ta durƙusa.

"Ina kwana, Baba. Barka da nasara."

"Tashi. Wilson ya faɗa min ƙuri'ar tasa ce."

A fuskarta ya gane yanzu take ji.

"Ke kuma kin zaɓe ni. Don me? Kin yarda da kwana shidan?"

"Ba yadda ka yarda ba, Baba."

"To?"

"Na gan ka cikin kwalbati. Kuma a taro an ba ka hanyar ƙarya ka ƙi bi. Mutumin da ke faɗa min gaskiyar abin da zai yi, zan iya zuwa in yi musu da shi. Shi kuwa Sunday, ko ofishinsa ban sani ba."

Ya dubi allon, ya kawar da kai. "Ba zan canja ba, kin sani. A majalisa abin da na yarda da shi zan faɗa."

"Zan zo in faɗi nawa. Zaɓe mai zuwa kuma ban yi alkawari ba."

A karon farko ya yi murmushi. "Ki gaya wa babanki Caleb muna zuwa ran Asabar."

Da aka tashi, babur ɗin Wilson na bakin get. Ta tsaya nesa kaɗan.

"Matsoraci."

"Na amsa."

"Duk surutun kwalbati da ka cika min kunne da shi, ashe kai ba ka ji ba."

"Ke ma duk surutun kwamitin ilimi, ina ya tafi? Kin shawo kaina, na shawo kanki, Farfesa."

"Nan gaba in aka yi min dariya, ka ɗaga kai."

"Har abada."

Ta hau babur ɗin.

An ɗaura auren bayan damina a cocinsu na Kamazou. 'Yan zumuntar mata suka fito da ankonsu, Lizzy ta ja waƙa, kuma ta ja da kyau. Wurin liyafa aka ba Baba Benson makirfo.

"Ɗan da na haifa ya ƙi ni a akwati, 'yar da na ƙi ta zaɓe ni. Na yi addu'a a kai, na ga gara in haɗa su gida ɗaya, ko ƙuri'un za su daidaita."

Da dariya ta lafa, ya sa aka shigo da kwali aka ajiye gaban amarya. Sababbin littattafan bayoloji ne na ajinta. Juliana ta zaro ɗaya, ta kai yatsa tsakiya. Shafukan suka buɗe.

"Na makarantarmu ne kawai," in ji shi. "Ban karanta ba, ban kuma manne ba. Sauran makarantu, mu haɗu a majalisa, 'yata."

Ya ɗora hannu ɗaya a kan Wilson, ɗaya a kan Juliana.

"Allahn da ya yi sama da ƙasa, ko cikin kwana nawa ya yi su, shi ya san abinsa. Ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu tsoronsa, masu faɗin gaskiya ko a gaban ubansu. Abin da ya haɗa yau, kada kowa ya raba."

Jama'a suka ce amin. Wilson ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Wannan ma ba zai rabu ba."

"Na sani, Sarkin Gam," ta ce. "Ɗaga kanka, ana ɗaukar hoto."