Sandar Kafaɗa

Wasu jemagun ƙarfe su shida suka tashi daga akwatin da Uwani ta buɗe, ɗaya bayan ɗaya, suka kutsa cikin duhun kogon. Kowanne bai wuce girman ƙwan agwagwa ba. Suna tafe suna fitar da wata siririyar ƙara da kunnen mutum ba ya ji. Ƙarar ta bugi dutse ta dawo, kwamfutar da ke cikinsu ta auna nisan, nan take taswira ta riƙa zana kanta a madubin da ke ɗaure a hannun Uwani. Duk inda hanya ta ɓulle sai shuɗin layi ya bayyana. Aikin da 'yan ƙungiyar masu shiga kogo kan share wata guda suna yi da igiyar awo da fensir, jemagun nan sukan gama shi kafin shayi ya huce.

"To Yaya, ka gani?" in ji Uwani, tana miƙa wa Barau hannunta. "Mita ɗari takwas ke nan, ko gumi ba ka yi ba."

"Na gani, Injiniya," in ji Barau yana dariya. "Saura ki ƙera wanda zai ci mini tuwo."

Barau yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, makaniken jiragen igiya da ke yawo tsakanin benayen Birnin Tsaunin Marke. Ƙato ne na gaske, in ya tsaya a ƙofar shago sai ya toshe ta. Shi ya fara kawo ta Ƙungiyar 'Yan Kogo tun tana makaranta, shi kuma ya fi kowa alfahari da ita, ko da yake bai taɓa faɗa mata a gabanta ba.

A wannan shekara ta 2091 zafi ya kai inda da hantsi ya yi ba mai fita sai da riga mai sanyaya jiki. Shi ya sa hukumar birni ta yanke shawarar mayar da kasuwanni da asibitoci cikin kogunan da ke ƙarƙashin tsaunin, inda sanyi yake kyauta. Amma sai an san cikinsu tukuna, kuma ba wanda ya san su kamar 'yan ƙungiyar nan, mutanen da a da ake musu kallon marasa aikin yi.

Suna da wata al'ada tun kafuwarsu. Akan yanki gora daidai faɗin kafaɗun wanda ya fi kowa jiki a cikinsu, a ƙara yatsu biyu. Sunanta sandar kafaɗa. Duk hanyar da sandar ba ta wuce a kwance ba, ba a sa ta a taswira, ko da an hango rana a ƙarshenta. Shekara goma sha ɗaya ke nan sandar tana ɗauke da awon Barau.

Da safen nan ne Uwani ta ce a bar ta a sansani.

"Haba Baba, sanda a wannan zamani?" ta ce wa Baba Sallau, shugaban ƙungiyar, wani siririn dattijo mai shekara sittin da takwas. "Tsayawa awo da ita ne ke cinye mana yini. Na'urata tana auna abin da bai kai kaurin gashi ba."

Dattijon ya daɗe yana juya sandar a hannunsa. Bai gamsu ba, amma ba ya son a ce tsufa ya sa shi gardama da ilimi. Ya jingine ta a jikin tanti, suka shiga su uku.

Sun yi awa huɗu a ciki lokacin da rediyon da ke ƙirjin Baba Sallau ya yi ƙara. Talatu ce, wadda suka bari tana tsaron bakin kogo.

"Baba, ku fito! Hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. An ma fara yayyafi."

Nan take suka juya. Ruwan wannan zamani ba ya sallama, abin da ake yi a wata guda shi yake zubarwa a awa ɗaya. Hanyar da suka shigo kuwa ta bi ta wani matsattsen wuri da suke kira Maƙogwaro, wanda sai da rarrafe ake wuce shi. Kafin su isa, sun fara jin wani gurnani daga nesa. Da fitilunsu suka haska wurin, babu Maƙogwaro, sai jan ruwa yana tumbatsa yana hawowa.

Uwani ta dake. Ta danna madubin, ta saki jemagun. Ba a yi minti biyu ba shuɗin layi ya miƙe zuwa arewa, muryar na'urar ta ce a natse, "An sami mafita. Mita ɗari uku. Hanya a buɗe take."

"Alhamdu lillahi," in ji Barau. "Yau kin fanshi kanki, Injiniya."

Gaskiya ta ji daɗin maganar, har da ɗan fahari a cikin tsoron. Suka bi layin, hanya tana hawa, ruwa yana biye da su a baya. Da farko a tsaye suke tafiya, daga baya a sunkuye, can kuma sai da gwiwa. Baba Sallau ya shafa bangon, ya ji shi sumul kamar cikin tukunya. Ya san ruwa ne kaɗai ke goge dutse haka.

Suka faɗa wani ɗan ɗaki mai gajeren rufi. A samansa akwai tsaga da ta miƙe sama a karkace, can ƙarshenta ga hasken waje fari fat.

"Mita goma sha biyu zuwa waje," in ji na'urar. "Hanya a buɗe take."

Su uku suka tsaya suna kallon tsagar. Daga nan Baba Sallau da Uwani suka juya suka kalli kafaɗun Barau.

A nan ne abin ya faɗo wa Uwani. A ɗakin gwaji, inda kwamfuta ta nemi a rubuta mafi ƙanƙantar faɗin da za a kira hanya, faɗin jemagen ta rubuta, don kada ya maƙale. Ta yi niyyar gyarawa, yabo da gaggawa suka mantar da ita. Na'urar ba ta yi ƙarya ba. Ba wanda ya taɓa gaya mata wane ne zai bi hanyar.

"Baba, fara wucewa," in ji Barau. "Ke kuma ki bi shi."

"Wallahi ba inda za ni, Yaya."

"Uwani, in na fara shiga na toshe, mu uku za mu mutu. Wuce, kada ki ɓata mini rai."

Baba Sallau ya cire hular kwanonsa, ya fitar da numfashi duka, ya murɗa ya shige. Uwani ta bi shi tana kuka, dutse yana yagar mata riga da fata. Da ta fito cikin ruwan sama ta juya ta cusa kanta a tsagar tana kiransa.

Sau uku Barau ya gwada. Ya tuɓe riga, ya miƙa hannu ɗaya gaba, ya karkata, amma kafaɗar nan da ta goya ta tana ƙarama ta ƙi wucewa. Talatu ta kira 'yan ceto, aka ce jirginsu ba zai iya tashi cikin wannan iska ba, suna tafe ta ƙasa.

Uwani ta tura masa jemage ɗaya don su ji muryar juna. Abin ya shige tsagar cikin sauƙi, ko gefe bai taɓa ba.

"Yaya, ruwan ya kawo ina?"

"Gwiwa. Da sanyi kuwa, irin wanda hukuma ke nema."

"Ka yafe mini. Ni na ce a bar sandar."

"Mu uku muka bar ta. Ki daina wannan magana." Ana jin ruwa yana bugun dutse. "Ya kawo ƙirji yanzu. Ki ce wa matata Ladiyo kada ta hana yaran zuwa wurinki. Kuma ban taɓa gaya miki ba, duk garejinmu ba wanda bai gaji da jin sunanki a bakina ba."

Ta ɗauki dutse tana dukan bakin tsagar har yatsunta suka fashe, Baba Sallau yana gefenta yana ta salati. Ta rediyo suka ji Barau ya yi kalmar shahada, sau biyu, a hankali. Bayan haka sai ƙarar ruwa kawai.

Jim kaɗan ruwan ya ɓullo ta tsagar ya zubo a kan ƙafafunta, ya turo jemagen waje. Abin ya girgiza fukafukansa, ya tashi ya tsaya daidai fuskarta.

"Hanya a buɗe take," in ji shi.

Injin haƙa da hukuma ta kawo bai yi amfani ba, don an ce girgizarsa za ta rufto da rufin. Da guduma da cizal, ƙarfen sassaƙa dutse, 'yan ƙungiya suka yi aikin, kwana uku suna karɓa-karɓa. Da aka zo tambayar iya faɗin da za a sassaƙa, injiniyoyi suka fara danne-danne a kwamfuta. Uwani ta tashi ta gangara sansani, ta dawo da sandar da ke jingine a jikin tanti.

Ranar Laraba da la'asar sandar ta wuce tsagar a kwance, daga farko har ƙarshe. Sannan aka fito da Barau.