Na'urar Ɗakin Mama

Tun da aka binne matarsa, telan bai ƙara hawa bene inda ɗakinta yake ba. Yana ci, yana ɗinki, amma ba ya jin ɗanɗanon komai. Ran nan bayan isha intanet ta ɗauke, 'yarsa ta duba waya ta ce, "Baba, na'urorin intanet biyun nan na ƙasa lafiya lau suke. Ta ɗakin Mama ce ta yi ja."

Ya ɗauki tocila ya hau. Ɗakin sanyi ƙalau kamar cikin randa, sai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya durƙusa gefen gado, ya kashe na'urar ya kunna, ja dai. Ya laluba bayanta, ashe igiyar da ke haɗa ta da ta falo ce ta fita.

"Wannan kake nema, Baban yara?"

Aka miƙo masa igiyar ta bayansa. Ya karɓa ya ce, "Yauwa, sannu," yadda ya saba shekara ashirin. Ya soka ta, fitilar ta koma koriya.

Daga ƙasa 'yarsa ta ƙwala kira: "Baba, ta dawo!"

Sai a lokacin ya ji an riƙe masa hannu. Muryar dai ta matarsa ce, amma yatsun sun zagaye tsintsiyar hannunsa sau biyu.