Amaryar da Ta Fito a Zaune

"Zauna mu gani," in ji Madam Despina, mai ɗinkin liyafar tara kuɗi ta shekara, allurai cike da bakinta.

Na zauna. Ko dai in ce na yi ƙoƙarin zama.

Rigar ta kama ni tam daga ƙugu har idon sawu, gwiwoyina a haɗe kamar an ɗaure su da igiya. Na dubi celona da ke jingine da bango, hawaye suka cika min ido. Wannan babban gogen ba a kaɗa shi sai a zaune, a rungume tsakanin gwiwoyi. Shi ya sa mu mata masu kaɗa shi ba ma rabuwa da siket mai faɗi.

"Ina baƙaƙen kayana, Madam?"

"An kwashe, 'yata. Imogen ta tura kayan makaɗa duka wurin wanki, wai kyauta ce daga kwamiti."

"To ki tsaga wannan ta gefe!"

"Wayyo ni! Duwatsun adon nan a zare ɗaya suke. Almakashi na taɓa ta za su watse har ƙofa."

Sai ga Imogen Carrick ta leƙo, gashi a gyare, murmushi har kunne.

"Kai Nerida! Kin ga yadda ta karɓe ki? Da kaina na zaɓa miki."

"Ba zan iya kiɗa a cikinta ba, kin sani."

"Ayya... ni ina na sani? To ki ɗan ɗage ta sama mana. Ko in ce musu ba ki da lafiya?"

Ta sani sarai. Imogen ta yi shekaru tana koyon ƙaramin goge a makaranta, kusa da masu celo take zama. So take ko dai in hau dandamali in zubar da mutuncina a gaban manyan matan birnin Adelaide, ko kuma in gudu in bar su da kujera ba kowa. Kowanne na zaɓa, na faɗi a idon mace guda, wato Misis Rosalind Tolhurst, shugabar kwamiti, mahaifiyar Fergus ɗina.

Ni kuwa duk duniya babu wadda nake jin nauyinta kamar matar nan.

A Port Pirie na tashi, 'yar masunci, gidanmu ba abin da ake ji sai rediyon Baba da ƙarar injin jirgin ruwa. Wata rana farar mota ta tsaya a makarantarmu, aka sauke gogaye manya da ƙanana, aka ce kowa ya taɓa. Na rungumi celo na ƙi saki. Daga baya na gane cewa motar, da malamin da ya riƙa zuwa duk mako, da gogen da aka bar min in tafi da shi gida, duk daga wannan liyafar rana suka fito. Kowace shekara matan nan sukan tara jama'a su ci gasasshen rago da kek ɗin pavlova, 'yan mata su zaga da sababbin ɗinkuna, a yi gwanjonsu, abin da aka samu ya tafi ga koya wa yara kiɗa. Masu gori suna cewa matan masu kuɗi ne ke nuna huluna. Su faɗi! Na sha ganin Misis Tolhurst da asuba tana jan tebura da hannunta, takalmi a cire.

Yanzu ni ke tuƙa farar motar. A hanyar arewa ma na haɗu da Fergus, ranar da tayata ta fashe kusa da gonar tumakinsu, ya zo ya canza min yana tsokanata wai na ɗaura wa celo bel ɗin kujera na manta kaina.

Baba da ya ji labari cewa ya yi, "Mutanen nan ba sa'o'inmu ba ne, Neri." Amma da Fergus ya kwana a jirginsa yana amai bai yi ƙorafi ba, sai ya sauko. Misis Tolhurst ce ta ƙi. Ba zagi, ba wulaƙanci, kawai ta ce, "Ba zai yiwu ba," ta ci gaba da gaishe ni da fara'a. Fergus ya ce mu yi aurenmu ko ba ta so. Na ce sam, ba zan shiga gidan matar da ta sa goge a hannuna alhali ba ta maraba da ni ba.

Ga kuma al'adar liyafar. Rigar amarya ce ke rufe taro, kuma saurayin da ya riƙo hannun wadda ta sa ta, kafin a sha shayi gari ya gama ɗaura musu aure da baki. Bana Imogen ce za ta sa. Fergus aka ce ya riƙo ta.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Neri? Zuciyata, lafiya? An kusa kiran sunanki."

Na buɗe kaɗan. Ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi celon, fuskarsa ta canza.

"Wa ya yi wannan?"

Imogen ta shiga gyara ɗan kunnenta a madubi.

"Shi ke nan," ya ce. "Ɗauki gogenki mu tafi. Ita ma ta nemi mai riƙe mata hannu."

"Fergus, a'a!"

"Kullum a'a! Sai yaushe za ki ce min to?"

"In muka fita yanzu an ɓata taron. Yaran da nake koya wa kiɗa a garuruwan Quorn da Hawker fa? Jira suke a kawo musu gogaye a sabon zango."

"Ni kuma fa, Neri? Ni ba jira nake ba?"

Muryarsa ta karye, nan take zuciyata ta bi ta. Ina son mutumin nan, wallahi ina son sa, har da taurin kansa.

"Me ya tara ku a nan?"

Misis Tolhurst ce, cikin shuɗin kwat da ƙaramar hula. Kallo ɗaya ta yi wa rigar, ɗaya ga celon, ba ta tambayi kowa bayani ba.

"Imogen, ke kika zaɓi wannan?"

"Anti Rosalind, ni kyau kawai na duba..."

"Despina, akwai mai faɗi a cikin kayan bana?"

"Duk matsattsu ne, Madam, haka ake yayi." Ta cire allura ɗaya daga baki. "Sai dai guda ɗaya."

Dukkanmu muka juya. Tana rataye a kusurwa, fara sol, siket ɗinta ya baje kamar laima.

"A'a!" Imogen ta yi tsalle. "Tawa ce! An gwada min ita, an faɗa wa kowa!"

"Jama'a sun zo jin kiɗa, kuma za su ji," in ji Misis Tolhurst. "Ke kika ce wannan mai duwatsun ta fi kyau. Sai ki sa ta ki buɗe mana sashen ƙarshe. Fergus, fita, mata za su canza kaya."

Imogen ta fashe da kuka ta fice, Madam Despina ta bi ta da rigar a kafaɗa bayan ta zare ni daga ciki ta zura min farar. Muka rage mu biyu.

"Aron riga na ba ki," ta ce tana ɗaure min igiyoyin baya. "Ban ce na ba ki ɗana ba."

"Na gane, Misis Tolhurst."

Ta jawo kujera ta zaunar da ni a bakinta, ta baje siket ɗin ta kowane gefe. Sannan ta ɗauko celon. A wuya ta kama shi, da hannu ɗaya, ta kwance ƙafar ƙarfen da ke ƙasansa ta ja ta daidai tsayina ba tare da ta tambaya ba. Ta ɗan taɓa tsirkiyoyin da yatsa, ta karkata kai.

"Tsirkiyar sama ta sauka. Zafin ɗakin nan ne."

Ta murɗa, ta sake taɓawa. Daidai.

Na saki baki ina kallonta.

"Kin taɓa kaɗawa..."

Ta gyaɗa kai.

"A kujera ta biyu ta masu celo nake zama a ƙungiyar makaɗan birnin nan, kafin a haife ki." Ta shafa gefen gogen. "Da na yi aure na tafi gona da gogena. Surukata ta ce matar gidan Tolhurst ba ta zama haka a gaban jama'a. Sai ga aski na tumaki, ga fari, ga yara. Na ce baɗi zan koma. Yana can saman kabad har yau."

"Shi ya sa kike..."

"Shi ya sa nake jan tebura, e." Ta dube ni, idonta ya yi ja. "Ina bayan aji ranar da kika ƙi sakin gogen nan a Port Pirie, da gashinki a hargitse. Tun ranar nake bibiyar hannayen nan. Kina so in zuba ido gidana ya kashe su? Gidan nan na san shi, yarinya. A hankali yake cinye mutum, da ladabi."

Hawayena suka zubo. Duk tsawon lokacin nan na ɗauka ƙarnin kifin gidanmu take ji a jikina.

"Ba zan ajiye shi ba, Misis Tolhurst. Fergus ma ba zai bari ba. Ya share tsohuwar rumfar askin tumaki ya sa mata katako, ya ce yaran gonakin kewaye su riƙa zuwa koyo."

"Mahaifinsa ma ya yi min alkawura."

"To ki saurare ni yau. In kika ji hannun da za a iya ajiyewa a saman kabad, na haƙura da ɗanki, ba zan sake ɗaga maganar ba."

Ta miƙo min sandar gogen.

"Goge idonki. Kar ki ɓata wa Despina riga."

Ta bayan labule na hango Imogen tana tafiya a dandamali da ƙananan taku, ba halin ta buɗe ƙafa, fuska a ɗaure. Tsakani da Allah ta yi kyau, har aka yi rububin rigar. Sannan aka rage fitilu, aka ja labule, sai ga ni a zaune a tsakiyar fari, da celo a ƙirjina.

Zauren ya ɗauki ƙus-ƙus. Ba a taɓa ganin amaryar liyafa ta fito a zaune ba.

Na rufe ido na ja sandar.

Ban zaɓi kiɗa mai wuya don burgewa ba. Ɗan taken nan na fara da shi, wanda ake koya wa kowane yaro a farar mota, sannan na buɗe shi, abokan aikina suka shigo a bayana. Na kaɗa wa Baba da jirginsa. Na kaɗa wa Fergus da ke tsaye a ƙarshen dandamali, hannuwansa a dunƙule. Mafi yawa kuma na kaɗa wa wani goge da ke kwance a saman kabad, can arewa. Cokula suka daina ƙara, masu rabon abinci ma suka tsaya da farantai a hannu.

Da na ɗaga sandar, tafi ya ɓarke, mata suka miƙe tsaye.

Ni teburi ɗaya nake kallo.

Misis Tolhurst tana zaune, hannuwanta a kan cinya, ko motsi ba su yi ba.

Fergus ya tako ya miƙo min hannu.

"Tashi, amaryata," ya ce a hankali.

"Ba ta tafa ba, Fergus."

"Ba ruwana. Neri, don Allah..."

Na girgiza kai. Alkawari na yi, kuma na ga amsata. Na sunkuyar da kai don kar a ga fuskata.

Tafin ya lafa, jama'a suka zauna. A nan ne na ji wani ɗan sauti a kan katakon zauren, shuu... shuu... kamar ana shara.

Mu makaɗa ba ma tafa wa junanmu, don kullum hannu na riƙe da kayan kiɗa. In ɗan'uwa ya yi abin da ya taɓa mu, tafin ƙafa muke gogawa a ƙasa. Ba a yi wa baƙo, ba a yi don kara. Namu kawai muke yi wa.

Na waiga, na ɗauka abokan aikina ne. Su ma waige suke yi.

Daga teburin gaba yake fitowa. Mayafin teburin yana rawa, Misis Tolhurst tana zaune a miƙe da hularta, hawaye na gangarowa, ƙafafunta suna ta aiki a ƙasa. Matan da ke gefenta sai leƙen ƙarƙashin tebur suke, wai ko wani abu ne ya faɗi. Makaɗan da ke bayana suka gane, suka ɗauka gaba ɗaya har dandamalin ya riƙa girgiza.

"Me Mama take yi?" Fergus ya tambaya a ruɗe.

Dariya da kuka suka haɗe min.

"Ta ce to."

"Ke fa?"

"To, masoyina. To!"

Na miƙe na ba shi hannun dama, na riƙe wuyan celo da na hagu, muka taka mu uku har ƙarshen dandamali. Da muka iso teburinta ta tashi ta gyara min kafaɗar rigar.

"In za ki zo gona," ta ce, "ki taho min da sababbin tsirkiyoyi. Na saman kabad ɗin nan sun daɗe da tsinkewa."